Fasinjar da Sumaila bai sauke ba

Assalamu alaikum. Sunana Biba. A Malanville anka haife ni, nan na yi aure, nan kuma na fita takaba watan jiya. Ina saida shinkafa da wake bakin tasha. Mijina Sumaila ɗan kabu-kabu ne, na babur, wanda nan muke ce ma moto. Shina raye ban taɓa kiran sunanshi ba, Baban Nafisa nike ce mishi, sai yanzu da ba ya nan bakina ya iya. Na rubuta labarin jinyarshi ne saboda matan da ke zaune da mai ciwo irin nashi, ciwon da ba ya zuwa da zazzaɓi ko kumburi. Akwai abubuwan da zan faɗa da na san wasu ba za su yarda ba. Ban tilasta kowa ba. Abin da na gani shi zan faɗa.

Wata Asabar, ranar kasuwa, ya kai wani malamin lekol, makarantar boko, Garou da sassafe. Kan hanyar dawowa wata dattijuwa ta tsaida shi, tana da rabin buhun albasa, ta ce kasuwa za ta. Sunka ɗaure buhun a kan tanki, ta hau baya. Ya ce duk hanya hira take mishi, kan tsadar taki da jikanta da za a yi ma suna. Sun kusa shiga gari, wurin da kamiyo, manyan motocin kaya, ke jere bakin kwalta, wani direba ya ja da baya bai duba ba. Sumaila ya kauce, moto ya zame. Shi gwiwa kawai ya kuje. Ita kuwa, kanta ya bugi ƙasa, ba ta ƙara motsi ba.

Jandarma sunka riƙe shi kwana biyu. Shaidu sunka ce ba laifinshi ba ne, anka sake shi. Da munka je gaisuwa Garou ne munka ji sunanta, Inna Gambi. Babban ɗanta ya kama hannun Sumaila ya ce, «Kwananta ne ya ƙare, Malam. Mun yafe duniya da lahira.» Na ɗauka magana ta mutu daga nan.

Satin farko ba abin da na lura da shi sai rashin ci. In na aje tuwo sai ya yi loma biyu ya ture. Na ce firgita ce, za ta wuce. Sati na biyu ya koma aiki, amma ya riƙa dawowa tun kafin azahar, aljihu wayam. Na tambaye shi. Ya ce, «Ba su tsaida ni, Biba. In na tsaya ma sai su ce in wuce, da mutum.»

«Wane mutum?»

Ya dubi moton da ke jingine ƙarƙashin zaure, ni ma na duba. Bayanshi ya nutse, tayar ta baje kamar an ɗora mata kaya. A kan kujerar akwai lotsawa, irin wadda mai jiki ke bari in ya zauna. Na kai hannu na taɓa. Da ɗumi.

Ya kai ma makaniki. Mutumin ya canza abin da zai canza, ya sa iska, ya hau da kanshi ya zagaya ya dawo, ya ce lafiya lau. Sumaila na hawa, baya ya sake nutsewa. Makanikin ya ja da baya shina salati, ya ƙi karɓar kuɗin aikinshi. Man esansin da ke kai shi wuni ya koma ƙarewa da hantsi. Gidanmu kuma ya ɗauki warin albasa, ɗaki da tsakar gida, har tufafin Nafisa, ɗiyarmu mai shekara bakwai. Na wanke, na turara, na daina sa albasa a girkina na gida. Warin bai tafi ba.

Ran nan na ce ya kai ni tasha da tukunyata. Ya matsa gaba har kan tanki, ya dube ni da idon da ban san shi da shi ba.

«Ba wuri,» ya ce. «Ba ta sauka ba. Kasuwa ta ce in kai ta, ban kai ta ba.»

Daga ranar, kullum safiya sai ya tafi wurin da abin ya faru, ya juya moto, ya taho a hankali har layin masu albasa. Ya tsaya, ya kashe, ya ce, «Inna, mun iso.» Ya jira. Wani lokaci awa guda. Masu albasa sun san shi, wasu su miƙa mishi ruwa, wasu su kau da kai. Yaran kasuwa kuwa sunka samu abin dariya.

A sati na huɗu ya daina barci gaba ɗaya. Da asuba nike iske shi zaune inda na bar shi, idanu ja. Ya daina wanka sai na matsa. Salla ma sai ya tada kabbara ya tsaya, ya mance inda shike. Wuyanshi ya fito, wandonshi ya riƙa zamewa. Na kai shi likita nan cikin gari. Munka bi layi tun safe har rana ta take, anka ɗibi jini, anka ce babu palu, zazzaɓin sauro, sosai amma a yi maganinta, anka rataya mishi ruwa leda biyu. Awo da ruwa da ƙwayoyi sunka ci jikka goma sha biyu, ribar sati biyu ta tukunyata. Ba wanda ya tambaye shi abin da ke damunshi. Shi dai ya zauna bakin gado ya bar rabin katifar.

Majo ɗaya ne, wani ma'aikacin jinya mai furfura, ya lura. Da za mu fita ya ja ni gefe ya ce mini da yaren Dendi, «Ɗiyata, ciwon mijinki ba cikin jini shike ba. Akwai lokotoro, babban likita na irin wanga ciwo, a Parakou. Kar ku daɗe.» Ya rubuta mini takarda. Allah ya saka mishi da alheri, ko sunanshi ban tambaya ba.

Na kai takardar gidan su Sumaila. Uwarshi, Inna, ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne da za a kai shi wurin mahaukata. Wanshi, Yaya Mamman, mai shagon kayan masarufi a kasuwa, shi ke yanke magana a gidan tun rasuwar ubansu. Ya ninke takardar ya sa aljihu.

«Amarya, wanga ba aikin bature ba ne,» ya ce. Shekara tara da aurena, bai daina ce mini amarya ba. «Kowa ya ga moton nan. Ki bar mu mu yi na gida tukuna.»

Ban iya musu ba, don ni ma na ga moton.

Na gida kuwa mun yi shi. Rubutu ya sha har haƙoranshi sunka yi baƙi. Hayaƙi safe da yamma. Wata gwaggonshi ta kawo saiwa daga Gaya a jiƙa a yi wanka. Maƙwabta kowa da nashi: a yi sadakar albasa, a je kabarin matar a roƙe ta, a canza mishi ɗaki. Duk mun yi. Mun je kabarin, ya durƙusa ya yi kuka har ɗanta ya ɗaga shi. Da munka juyo, ya tsaya bakin maƙabarta ya ce mini a hankali, «Ba ta nan ciki, Biba. Ga ta nan tana jira mu tafi.»

Sati na shida Yaya Mamman ya kai shi wurin wani mai magani a wani ƙauye bayan Guéné. Mutumin ya ce a kawo baƙin bunsuru, kuma a saida moton, don a jikin ƙarfen ta maƙale. Anka saida shi da araha ga wani baƙo da bai san labari ba. Na tsaya na ga ya hau ya tafi, moton tsaye cak kamar sabo. Na ce alhamdu lillahi.

Kwana uku bayan haka na kai abinci ƙauyen, don can anka bar shi a yi mishi magani. Na iske Sumaila ƙarƙashin wata tsamiya, ƙafarshi guda cikin turu, wai shina yawan kama hanya. Ƙafar ta kumbura, ƙudaje na bin gyambon. Amma ba shi ne ya tsorata ni ba. Ya duƙe. Bayanshi ya lanƙwashe kamar mai goyon babban mutum, hannuwanshi biyu a baya shina tallabe. Da na cire mishi riga in goge shi, na ga shaida a kafaɗunshi biyu, ja, ta yatsu huɗu huɗu.

«An saida moto,» ya ce. «To a kan me za ta zauna?»

Ranar ce na fara ɗaga murya ga Yaya Mamman. Na same shi shagonshi gaban mutane na ce in bai kwance mini miji ba zan tafi jandarma. Ya ce ba ni da kunya. Na ce na ji. Sati biyu da kwana biyu Sumaila ya yi cikin turun nan kafin a dawo da shi, kuma har ya koma ga Allah bai daina ɗingishi ba. Ban ce mai maganin mugu ba ne, abin da ya iya ke nan. Amma duk wanda ya ce ku sa naku a turu, ku ɗauke shi ku tafi.

A gida ya koma kamar ƙaramin yaro. Ni ke mishi wanka, ni ke ba shi kunu da cokali. In zai shiga ɗaki sai ya sunkuya ƙwarai kar kanta ya bugi ƙofa. Ran Asabar ya kan lallaba da ƙafa, a duƙe, daga wurin kamiyo har layin albasa, ni ina biye da shi daga nesa ina jin abin da mutane ke cewa. Na rufe sana'ata. Abokanshi na kabu-kabu, Allah ya biya su, duk Juma'a sai sun haɗa abin da ya samu sun kawo, sun zauna da shi ko bai ce musu uffan ba. Dangina kuwa, ƙanwar uwata ta zo takanas ta ce in nemi takardar saki tun da sauran ƙuruciyata. Ban ƙara gaishe ta ba sai ranar zaman makoki.

Sai a sati na goma sha ɗaya Yaya Mamman ya fiddo takardar majo daga aljihu. Ba zan ci amanarshi ba: shi ya biya mota, shi ya biya komi. Munka kama hanyar Parakou mu uku, Sumaila ya ce sai an biya kujera huɗu, Yaya ya biya. Da munka isa anka ce lokotoron ba kullum shike ganin mutane ba. Munka kwana biyu gidan wani ɗan garinmu. Ranar ganin, munka karɓi lamba tun safe, munka zauna kan benci cikin mutane masu magana su kaɗai da masu kallon bango da uwayensu da sunka gaji. La'asar ta yi kafin a kira mu.

A bakin ƙofa wata ma'aikaciya ta ce mutum guda ne zai raka mara lafiya. Na miƙe. Yaya Mamman ya ce, «Zauna, amarya. Ke Faransancinki na lekol ne, ba za ki gane ba.» Na zauna, na rungume jakar kayanmu. Sun daɗe ciki. Da sunka fito na tare shi.

«Yaya, me ya ce?»

«Ya ce depresiyon ne. Wai ciwon damuwa, firgitar haɗarin ce ta kawo shi. Ƙwaya guda da safe, guda da dare. Mu dawo bayan wata.»

«Shi ke nan abin da ya ce?»

«Shi ke nan.»

A mota Sumaila ya yi mini magana mafi tsawo da ya yi cikin wata biyu. Ya ce lokotoron ne mutum na farko da bai ce mishi babu kowa a bayanshi ba, bai kuma yi salati ya ja da baya ba. Tambayarshi ya yi, tana da nauyi? Ya ce ƙwarai. Lokotoron ya ce, to za mu taimake ka ka ɗauka, har ranar da za ta sauka. Na riƙe hannunshi ƙarƙashin mayafina har Kandi.

Maganin ya yi aiki, kar wani ya ce muku bai yi ba. Satin farko barci kawai da bushewar baki. Na biyu ya fara cin abinci da hannunshi, ya nemi yaji. Na uku na fito daga madafa na gan shi tsaye tsakar gida, a miƙe, tsawonshi duka, har na mance haka shike da tsawo. Ya je wanzami. Ya je masallaci da ƙafarshi. Ya zagaya dangi gida gida, ya durƙusa gaban uwarshi Inna ya ce ta yafe mishi wahalar da ya ba ta. Ya ɗauki hular kwanonshi da rigar aiki ya ba wani abokinshi, ya ce shi ya gama da moto. Ya gyara ƙyauren ɗakinmu da ya shekara shina cewa gobe. Inna ta yi sadakar masa. Ni kuma na wanke tukunyata na koma tasha, don gidan ba ko ƙwayar shinkafa.

Na tambaye shi sau ɗaya, «Baban Nafisa, ta sauka?»

Ya yi murmushi ya ce, «Ta kusa.»

Ranar Alhamis ya yi wanka ya sa farar rigarshi. Ya raka Nafisa lekol da kanshi. Ya biyo ta tasha, na zuba mishi shinkafa da wake, ya cinye tas, ya ce ta yi daɗi. Ya ce za shi bakin kogi, an ce ana neman masu lodin jiragen ruwa. Na ce Allah ya ba da sa'a. Ina cikin zuba ma wani direba miya, ban ko ɗaga kai na ga tafiyarshi ba.

Azahar bai dawo ba. La'asar munka fara nema. Washegari da hantsi wani tsohon masunci, Baba Alzuma, ya same shi cikin ciyawar bakin ruwa, can ƙasa wajen Garou.

Kafin a gama wankan gawa na fara jin ƙus-ƙus daga zaure. Wasu na cewa mutumin da ya yi haka da kanshi, liman ba ya tsayawa gabanshi. Inna ta faɗi a tsakar gida. Sai Baba Alzuma, da ko gidanmu bai sani ba sai ranar, ya miƙe cikin mutane ya ce, «Ni na gan shi jiya. Alwala ya duƙa yi, laka ta ja ƙafarshi, ga shi da ɗingishi. Na yi ihu, jirgina na nesa. Santsi ne.» Liman ya ce a daidaita sahu. Mutane sun cika har bakin hanya.

Ranar sadakar bakwai tsohon ya dawo da busasshen kifi a leda. Na roƙe shi daga bayan labule ya gaya mini yadda abin ya faru, ko ya yi magana, ko ya kira wani.

«Ɗiyata, ban ga komi ba,» ya ce. «Ranar Alhamis ina gida ina ɗinkin taru. Na dubi uwarshi ne a ƙasa. Allah ya yafe mini, shi ma Allah ya yafe mishi.»

Ban faɗa ma kowa ba sai yau, kuma na canza sunan tsohon. Har yanzu ban san abin da ya faru bakin ruwan nan ba. Wataƙila santsin ne da gaske. Ina roƙon Allah ya sa shi ne.

Bayan arba'in Yaya Mamman ya zo shi kaɗai. Bai shiga wurin maza ba, ya zauna kan turmi a ƙofar ɗakina, ya cire hula ya riƙe. Ya rame kamar shi ya yi jinyar. Ya ce, «Biba.» Ranar ya fara kiran sunana.

«Akwai maganar da lokotoron ya yi da ban gaya miki ba. Ya tambaye ni ko Sumaila ya taɓa zancen mutuwa. Na ce a'a, mu musulmi ne. Har na ji haushin tambayar. Sai ya ce mini, maganin nan ƙafafu shike fara tadawa kafin zuciya. Ya ce sati na biyu zuwa na huɗu, in kunka ga ya samu ƙarfi, ya fara fara'a, shina rabon kayanshi ko shina neman gafara, lokacin ne ba a barin shi shi kaɗai ko na awa guda. Ya ce in gaya ma matarshi. Sau biyu ya faɗa.» «Na ga kamar zagi ne ga gidanmu. Na ce in na gaya miki za ki ɗauka ƙanena zai kashe kanshi. Da na ga ya miƙe, na ce ka ga, bature bai san mu ba.»

Na so in yi mishi ihu. Na buɗe baki, sai na tuna nawa.

Akwai abin da ban rubuta ba a sama, don ko alƙalami bai so. Tun a sati na biyar, ina mishi wanka, Sumaila ya ce mini, «Biba, in ba ta sauka nan ba, ni zan kai ta inda take.» Ya sake faɗa bayan turu. Ya sake faɗa a gidan da munka sauka a Parakou, ana gobe ganin lokotoro. Duk sau ukun na rufe mishi baki da hannuna na ce ya yi istigfari. Ban gaya ma Inna ba, ban gaya ma majo ba, ban gaya ma Yaya ba. Kunya nike ji, kuma ina tsoron in na faɗa da bakina abin zai tabbata. Da ni ce na shiga ɗakin nan anka yi mini tambayar, ban sani ba ko zan iya cewa e. Ina so in yarda zan iya.

Don haka ku da ke jinya, in naku ya yi irin wagga magana, ku kai ta gaba ranar, ko za a zage ku. Wadda ke mishi wanka ita za ta shiga wurin lokotoro, ko da tafinta. Kuma ranar da ya miƙe ya yi dariya, ku yi godiya ga Allah, amma kar ku koma kasuwa.

Na gaya ma Yaya Mamman nawa, duka, yadda na rubuta shi nan. Ya sa hular a fuska. Shi an gaya mishi lokacin da za a tsare, ni an gaya mini abin da za a tsare, kuma kusan wata guda muna gaisawa kullum safiya, lafiya lau, ya mai jiki, da sauƙi.

Nafisa ta dawo daga lekol ta iske mu haka, shi kan turmi ni bakin ƙofa. Ta gaishe shi, ta aje jakarta, ta tambaye ni ko akwai abinci. Na tashi na hura wuta.